Daga Zauren Malam: Ɗumin Ruwa da Ciwon Kifi



Alhazanmu da suka zaga gefen Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda sun ga babbar kasuwar kifi da ke kusa da ita. Akasarin kifin na Bahar Maliya ne, don ƙasar Makka ba ta da kogi mai gudu rani da damina. Duk da haka mutanen can suna kiwon karfasa cikin tafkunan da suka gina. A ƙasa mai zafi haka, tilas mai kiwo ya san abin da ɗumi ke yi wa ruwa. To, mu ma karatun ya iso gare mu, gama masana sun ce shekarar 2024 ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka soma awo.

Akwai wani ƙwaro ɗan mitsitsi mai kama kifin kogi da na tafki. Alamarsa fararen ɗigo ne a jiki, kamar an barbaɗa gishiri. In ya ƙoshi sai ya faɗa ƙasan ruwa, ya rarrabu ɗari-ɗari, 'ya'yan su bazu neman wani kifin. In ruwa na digiri 10, zagayen nan ya kan wuce wata guda. In ya kai 25, mako ɗaya ya isa. Ga shi kuwa ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, sai kifi ya galabaita, ciwo ya sami ƙofa.

Wannan ya shafi tukunyarmu. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 aka sami Tafkin Volta, kuma da yawa cikinmu da kifin Yeji suke ci da gida.

Saboda haka muna roƙon masu kiwo kada su cunkusa kifi wuri guda. Sabon iri a ware shi 'yan makonni kafin a haɗa da tsoho. In ɗigon ya bayyana, gishiri na taimako, amma a tambayi ma'aikacin kifi gwargwadonsa.

Fatake kuma, ku duba kaya kafin ku biya. Ƙwaron ba ya kama mutum, amma kifin da ya kwana mace a ruwa mai ɗumi ya ruɓe. Wanda ya yi bandarsa ya ɓoye aibin ya yi algus, shari'a kuwa ta hana.

Allah ya ba mu halal mai albarka, amin. Haza wasalam.