Gilashi Ba Ya Gani, Mutum Ke Gani

Akwai wata cuta da ta kama samarinmu, musamman waɗanda suka fara karɓar albashi. Da zarar hoto ya fito baƙi ƙirin, sai ka ji an ce laifin kyamara ne, gilashinta na araha ne. Sai a ci bashi a sayo mai tsada, ko waya mai ido uku. Haba jama'a! Yaushe alƙalamin zinariya ya taɓa gyara wa jahili rubutu?

Duk mai musu ya je Ƙofar Marke ranar Salla da tsakar rana, ya tsai da saurayi baƙi cikin farar shadda, ya ɗauke shi. Ranar Sakkwato ba ta san farashi ba. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara zai ga farin riga ya cika wuri, ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi. Riga ta fito tas, fuska kuwa ta nutse, hula ta jefa inuwa a kan idanu. Gilashi mai tsada ba abin da zai ƙara sai dai ya fito da zaren aikin rigar. Gwani kuwa zai ja saurayin zuwa inuwar dogon yaro ko bakin zaure, ya auna haske daga fuska, in ya ga dama ma ya ce a dakata sai bayan la'asar. Wannan ba a sayar da shi a kanti.

Seydou Keïta na Bamako da ƙaramar Kodak Brownie ya fara, wadda wani ɗan'uwansa ya ba shi a 1935. Da ya buɗe wurin sana'arsa a 1948, hasken rana ne fitilarsa, zanen gado ne bangonsa, kuma galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum saboda tsadar fim. Yau manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ke taƙama da hotunansa. Namu na gida, J. D. 'Okhai Ojeikere, fam 2 ya sayi tasa Brownie a 1950, shi ne kuma daga 1968 ya tara hotunan kitson matan Nijeriya kusan 1,000.

Za a ce ai daga baya sun riƙi manyan kyamarori. Gaskiya ne, amma sai da ido ya buɗe tukuna. Mun kuma yarda wanda zai ɗauki mahayi a guje daga nesa yana bukatar dogon gilashi. To, mu nawa ne ke wannan aiki? Yawancinmu hoton biki da suna da na kammala karatu muke ɗauka, mutum yana tsaye taku 4 daga gare mu, yana jiran mu gaya masa inda zai juya fuskarsa.