Masu sarin kayan ado, ku gina shagon intanet don mai ƙaramar salula



Kwanakin baya, cikin shirin kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu, wata baiwar Allah mai sayar da sarƙoƙi da ƴan kunne ga masu haɗa lefe ta bugo mana waya tana kuka. Ta ga kaya a shafin intanet na wani babban ɗan sari, hoton ya burge ta, ta aika jikka 180, wato jarinta kusan duka. Bayan sati biyu direba ya kawo mata kwali. Da ta buɗe, sai ta tarar da sarƙoƙi sirara kamar zare, alhali a hoto sun cika wuya. Da muka tuntuɓi mai kayan, sai ya ce shi bai yi mata ƙarya ba, abin da ta zaɓa shi ya aika. Mun duba shafin da kanmu, babu inda aka rubuta nauyi ko tsawo, balle a faɗi ko zinariya ce ko ruwanta. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ba mu ƙin wannan sabuwar hanya, don mun san abin da ya kawo ta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka sake rufe iyaka, har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni, wanda ya saba fita daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya ya je Kano ya taɓa kaya da hannunsa, ko mutumin Ƙonni mai ƙetarawa Illela, dole ta sa ya koma ciniki ta salula. Manyan ƴan sari masu ɗauko zinariya daga Dubai da kayan ƙyale-ƙyale daga Yiwu ta ƙasar Sin sun ga haka, suka shiga biyan samari masu ilimin kwamfuta su gina musu shafi. Abin da muke kuka da shi, yawancin shafukan an gina su ne don maigida ya gani ya ji daɗi, ba a tuna da wanda zai saya ba.

To wane ne mai sayen? Mace ce mai tebur a bakin kasuwa, ko saurayi mai yawo da akwatin gilashi ƙauye ƙauye ranar kasuwa. Salularsa ƙarama ce, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, kuɗin intanet kuma da kaɗan kaɗan yake saye. In shafi ya buɗe da bidiyo da kiɗa da manyan hotuna, kafin ya kai ga ƴan kunnen da yake nema kuɗinsa sun ƙare. Saboda haka a rage nauyin hotuna, a jera kaya yadda muke kiransu a kasuwa: sarƙa, ƴan kunne, zobe, awarwaro, murjani, saitin amarya. A rubuta da Hausa kusa da Faransanci ko Turanci. Mu ma'aikatan rediyo mun san mutanenmu sun fi amincewa da kunne a kan ido, don haka a sa ƴar gajeriyar murya da za ta bayyana kaya ga wanda bai yi lakwal ba. Kada kuma a tilasta wa mutum cika takardu da lambobin sirri tun bai ga kaya ba. Wa ya taɓa tambayar mai wucewa katin ɗan ƙasa kafin ya leƙa rumfa?

Sai maganar gaskiyar kaya, wadda ita ce uwa. Zinariya tsantsa karat 24 ce. Mai karat 22 ana buga mata lamba 916, mai 21 lamba 875, mai 18 kuma lamba 750, ma'ana kashi 750 cikin 1000 ne zinariya, sauran gami ne. Azurfa mai kyau lambarta 925. Duk kayan da aka sa a shafi, a rubuta lambarsa da nauyinsa a giram da tsawonsa a santimita. Abin da aka yi wa ruwan zinariya a ware masa ɓangarensa daban, a faɗa ƙarara cewa ruwa ne, kuma yana iya dushewa. Sayar da shi ba laifi ba ne, talaka ma yana son ado, ɓoyewar ce ha'inci. A ɗauki hoton kaya a wuya ko a hannun mutum, ko a ajiye tsabar dala ashirin kusa da shi, kowa ya san girmanta. Da an yi haka, da baiwar Allah nan ba ta yi asara ba.

Farashi ma yana son bayani, don a bakin iyaka kuɗi biyu muke riƙewa, kuma bakinmu ɗaya amma lissafinmu daban. In Bamaraɗe ya ce jikka, sefa 1000 yake nufi. In Bakano ya ce jaka, naira 200 ce. In muka ce dala, sefa 5 ke nan, mai ɗauko kaya daga Dubai kuwa dalar Amurka ke cikin ransa. Don haka a rubuta adadi da lambobi, a faɗi sunan kuɗin, a sa ranar da aka yanke farashin. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999 a kan 655.957, amma naira, tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka ta haura 1,500 cikin 2024. Ita kanta zinariya ba ta zama wuri guda. Oza ɗaya, wato giram 31.1, ta wuce dalar Amurka 3,000 a Maris na 2025, ta wuce 4,000 a Oktoba na 2025. Farashin da ba shi da rana rigima ce ake ajiyewa. A kuma faɗi mafi ƙarancin abin da ake sari, dozin ne ko rabi, da ragin da mai ɗaukar da yawa zai samu.

Wasu manyan ƴan kasuwa sun ce mana in suka bayyana farashi abokan hamayya za su gani, kuma tayi ya mutu. Muna girmama maganarsu, amma wane sirri ya rage a kasuwar da yaro zai zagaya rumfuna goma cikin awa guda ya jiyo kuɗin kowa? Tayi kuma ba ya mutuwa, a waya ake yinsa bayan mai saye ya san inda aka tsaya. Wanda yake ɓoye farashi, masu saye sukan ɗauka yana duba fuska ne kafin ya yanka.

Abu na ƙarshe, shafi ya nuna mai shi. A sa sunan kasuwa da layi da lambar rumfa, da lambar waya wadda mutum mai rai zai ɗauka. A faɗi tashar da ake sa kaya, kwana nawa suke yi a hanya, wa zai biya kuɗin mota da na duwan, kuma in kaya suka zo ba yadda aka nuna ba, cikin kwana nawa za a mayar. Iyayenmu fatake sun yi ciniki daga Kano har Agadas ba takarda, saboda kowa ya san gidan kowa. Na'ura ba ta soke wannan ba, sai ma ƙara bukatarsa da ta yi.

Shawararmu ga mai biyan kuɗin gina shafi ita ce, kafin ya cika wa yaron kuɗinsa, ya miƙa salula ga wata mai tebur a kasuwa ya ce ta nemo zobe dozin ɗaya da kuɗinsa. In ta samu ba tare da an nuna mata ba, aiki ya yi. In ta kasa, a koma a gyara. Ku kuma ƙananan ƴan kasuwa, kada ku zuba jarinku duka a sayen farko. Ku gwada da kaɗan, ku auna a sikelin maƙerin da kuka yarda da shi, ku adana takardar aika kuɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.