In ana son gwanayen shataranji, a fara da malaman firamare

Tun 2020 Cadi ta zama memba a hukumar shataranji ta duniya, wato FIDE. Madalla, sunan ƙasa ya shiga takarda. Amma a ajin da nake koyarwa a nan Atrone, yaran da suka taɓa ganin allon wasan da idonsu ba su cika yatsun hannu ba. To daga ina gwanayen za su fito?

Ra'ayina shi ne, in gwamnati za ta kashe kuɗi a kan wannan wasa, kada ta fara da tikitin jirgin 'yan wasa biyar da jami'ai goma. Ta fara da makarantun horon malamai. Malami ɗaya da ya iya wasan zai koyar da ɗaruruwan yara kafin ya yi ritaya. Allo kuwa ko a kwali ana zana shi, gida 64 ne, marafan kwalba su zama dakaru. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar fili, balle a unguwar da damina ke mayar da filin ƙwallo tafki.

Ba ni na ƙago dabarar ba. Armeniya, ƙasa mai mutum kusan miliyan 3, ta ci gasar Olimfiyad ta shataranji a 2006 da 2008 da 2012, amma ba ta tsaya ga kofi ba. A 2011 ta sa wasan cikin manhajar firamare, ta horar da malamai. A Indiya, gwamnatin jihar Tamil Nadu ta ɗauki nauyin Olimfiyad ta 2022 a Chennai, garin da Gukesh ya tashi, yaron da ya zama zakaran duniya a Disamban 2024 yana da shekara 18. Kusa da mu, Tunde Onakoya ya fara koyar da yaran unguwannin talakawan Legas a 2018 ba tare da jiran gwamnati ba. Ina ga in da hukuma ta sa hannu?

Wani zai ce ai wasan Nasara ne. Haba! Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Larabawa suka kai shi Turai ta Andalus. As-Suli na Bagadaza gwaninsa ne sama da shekara 1,000 da suka wuce. A nan maƙwabtanmu, fadar Barno ta san shi da sunan tsatsarandi. Yaron da ya iya dara a gindin bedi kuwa, rabin aikin ya gama.

Na san damuwar iyaye, kuma ba ta banza ba ce. Imam Malik bai so wasan ba, Shafi'iyya kuma sun ce makaruhi ne muddin babu caca kuma bai hana salla ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Shi ya sa ban ce a tilasta wa ɗan kowa ba. A yi kulob na ganin dama, da izinin uba, ba kuɗi a ƙasa, in an kira salla a tashi.

Don haka roƙona ga ma'aikatar ilimi da ta wasanni guda uku ne: darasin shataranji ga ɗaliban malanta, alluna a makarantun gwamnati, da gasar shekara-shekara tsakanin gundumomi 10 na Anjamena, mata da maza. Wanda ya yi zarra, a biya masa karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.