Takobin da Ba Ya Cin Jikin Mutum

A littafin The Lightning Thief na Rick Riordan (2005), takobin Percy Jackson alƙalami ne da ke rikiɗewa da zarar an cire murfinsa. Da tagullar alloli aka ƙera shi: yana mayar da dodanni ƙura, amma yana ratsa jikin ɗan Adam ba ko ƙwarzane. A ganina, a nan marubucin ya rage wa hikayoyin Girka nauyi. Perseus, wanda Percy ya ci sunansa, ya mayar da Sarki Polydectes dutse da kan Medusa, ya ɗauki alhakin ran mutum. Idan makami ne ke tantance wa jarumi abokin gaba, an raba matashin mai karatu da babbar tambaya: ran wa ya halatta a ɗauka? Ya kamata manazarta adabin matasa su dubi wannan giɓi.