Masu Gidajen Haya, A Gyara Ciki Kafin A Ƙawata Ƙofa

Sanin kowa ne cewa manyan garuruwan Arewa, kamar su Kano da Kaduna da Zariya, sun cika sun batse da jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Jihar Kano kaɗai sun haura miliyan 9, kuma tun daga lokacin sai ƙaruwa ake yi. Wannan ne ya sa gina gidan haya ya zama babbar sana'a, har ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa burinsa ya tsayar da ciki da falo ko guda biyu ne, ya riƙa karɓar kuɗi duk shekara. Sana'a ce ta halal, amma yawancin masu yin ta suna zuba dukiyarsu inda ba ta da amfani.

Wanda duk ya bi dillali yawon neman gida zai ga abin da ake nufi. Za a tarar da ƙofa mai walƙiya, da silin mai zane-zane da fitilu kala-kala, da fenti ja ko shuɗi mai ɗaukar ido. Amma da an zauna minti goma a cikin ɗakin sai gumi ya karyo, don kuwa taga ɗaya ce tak, ita ma tana kallon katangar maƙwabci. Irin wannan shi Hausawa ke kira kyan ɗan maciji. Ɗan haya yakan ruɗu ya biya shekara guda, amma da wa'adi ya cika sai ya tattara nasa ya nasa ya ƙara gaba.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya sa a gaba shi ne iska. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai awo 40, wani lokaci ma ya wuce. Magina na dā sun san maganin wannan, shi ya sa suka yi katanga mai kauri da tubali, suka yi rufin soro mai tsawo da azara, kamar yadda ake gani har yau a Gidan Makama. Yanzu da bulo da kwano suka maye gurbinsu, tilas ne a ɗaga silin, a kuma yi wa kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A lura kuma, tagar gilashi mai zamewa gefe rabinta kaɗai ke buɗewa, alhali luba ko mai marfi biyu tana buɗewa kusan gaba ɗaya. Kowace taga a sa mata ragar sauro. Wannan magana ta shafi rai, domin cunkoso a ɗakin da ba iska yana taimakon yaɗuwar sanƙarau, cutar da a 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Abu na biyu shi ne haske. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta ya zama sai wane da wane. A Afrilun 2024 kuma aka ƙara wa masu rukunin A kuɗin lantarki zuwa naira 225 kowane ma'auni. Saboda haka ɗakin da sai an kunna ƙwai da tsakar rana ya zama nauyi a aljihun mai zaune a ciki. Fenti fari ko ruwan madara yana maido da haske, yana kuma sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Dabara mai kyau ita ce a shafa fentin mai daga ƙasa zuwa kamar tsawon kafaɗa, inda hannun yara ke kaiwa, don a iya gogewa da tsumma, sama kuwa a shafa na ruwa. Haka nan kowane sashe ya sami mitarsa mai kati, domin babu abin da ke haɗa maƙwabta faɗa kamar rabon kuɗin wuta.

Akwai kuma wani dalili da ya sa fenti mai sanyi ya fi. Bisa al'ada, iyayen amarya ne ke kawo kayan ɗaki, gado da kujeru da kabad da labule, kuma sabbin ma'aurata suna cikin waɗanda suka fi neman haya. Ranar jere, idan bango kore ne shar, labule kuwa ruwan hoda, sai an sake fenti da kuɗin ango. Abin da mata masu jere ke nema shi ne ƙofa mai faɗin da kujera za ta shige ba a kwance ta ba, da ɗakin da ya kai ƙafa 12 kowane ɓangare, yadda gado mai ƙafa 6 zai zauna a sami wurin shimfiɗa sallaya.

Sai batun uwargida, wadda galibi ita ce ke yini a gidan, ita ce kuma ke cewa a zauna ko a tashi. Kicin yana bukatar taga babba, da kanta ta ajiye tukwane, da wurin wanke-wanke mai magudana. A tsakar gida a bar wani gefe da daɓen siminti, domin turmi da tayil ba sa ga maciji, kuma mai girki da gawayi ta sami fili a waje. A banɗaki a guji tayil mai santsi, wanda ya sha karya tsofaffi da masu juna biyu, a kuma karkatar da daɓen yadda ruwa ba zai kwanta ba. Magini ya kula kada mazaunin masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, don Musulmi da yawa suna fasa gida a kan wannan kaɗai.

Sirri ma babban abu ne. Hikimar zaure ita ce baƙo ya tsaya a nan, idonsa bai kai cikin gida ba. Gidan zamani yana iya riƙe wannan hikima idan aka yi wa falo ƙofarsa ta waje, aka kuma sa masa ɗan banɗakin baƙi, yadda abokan maigida ba za su ratsa ta gaban iyali ba.

Masu gidaje sukan ce siminti ya yi tsada, 'yan haya kuma ba su da riƙon amana, sai su bar gida kaca-kaca. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan kuka. Amma a yi lissafi: gidan da ake haya naira 600,000 a shekara, in ya yi wata 4 a rufe, an yi asarar naira 200,000, ban da la'adar dillali da sabon fenti. Wannan kuɗi ya isa a fasa taga a sa raga. Maganin ɓarna kuwa shi ne yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, a lissafa fanka da famfo da makulli ranar shiga, a sake dubawa ranar fita. Shi ma ɗan haya ya tuna cewa gidan amana ne a hannunsa.

Daga ƙarshe, ya kamata hukumomin tsara birane su riƙa duba yawan tagogi da magudanar ruwa kafin su sa hannu a kan zanen gini, su kuma bi sawu su ga an yi yadda aka zana. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Mai gidan da ya kyautata wa ɗan hayarsa zai same shi shekara da shekaru, ya sami kuɗinsa a kan kari, ya kuma sami ladan maƙwabtaka. Allah ya sa a gyara.