Hoton da kyamara ba ta ɗauka ba: Me mai sayen kayan roba a intanet yake gani?

Da yawa daga cikin hotunan gorunan ruwa, mazuban abinci da kwalaben shayar da jarirai da ake tallatawa a shagunan intanet ba kyamara ce ta ɗauke su ba. Kwamfuta ce ta zana su, wani lokaci tun kafin masana'anta ta ƙera ko guda.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin IKEA na Suwidin ya saka kujerar da kwamfuta ta zana a kundin tallansa na 2006, kuma zuwa 2014 kusan kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansa haka ake samar da su.

Roba mai garai-garai tana cikin abubuwa mafi wuyar zanawa, domin haske yana ratsa ta yana lanƙwasa. Manhajoji irin su Blender da KeyShot suna lissafa wannan lanƙwasa da alƙaluma: ruwa 1.33, akirilik 1.49, folikabonet kimanin 1.58. Da zarar mai zane ya shigar da lamba da kauri, gora za ta fito tana sheƙi, babu tabon injin, babu karcewa.

A nan gizo ke saƙa. Hoto yana nuna haske, amma ba ya nuna sinadari. Da sinadarin BPA ake haɗa folikabonet, kuma Tarayyar Turai ta hana shi a kwalaben jarirai tun 2011, sannan ta faɗaɗa haramcin zuwa sauran mazuban abinci a Disamban 2024. A fuskar waya, kwalba mai BPA da marar shi tamkar tagwaye suke.

A Najeriya, dokar kare masu saye da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haramta yaudara wajen siffanta kaya, kuma hukumar FCCPC ce ke da alhakin aiwatar da ita. Sai dai dillali yakan kasance a ƙetare, kuɗin kayan kuma bai kai a yi ta zarya a kansa ba, sai mai saye ya haƙura.

Ya kamata hukumar ta wajabta wa shaguna bayyana duk hoton da kwamfuta ta zana, tare da nau'in robar. Kafin nan, uwar da ta sayi kwalba ta duba gindinta: lamba 5 folifurofilin ce, lamba 7 kuwa rukuni ne da folikabonet ke ciki.