Amincin Hanya Da Tsoron Bindiga: Abin Da Ke Wuyan Kowannenmu



Garin Kiyawa yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Wudil da Shuwarin, ta nufi Azare da Potiskum har Maiduguri. Don haka rayuwar mutanen wannan yanki a ɗaure take da motar haya. Manomi a cikinta yake kai riɗinsa kasuwar Shuwarin, ɗan kasuwa a cikinta yake zuwa Gujungu da Maigatari, ɗalibi kuma ita yake hawa zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Jihar Jigawa, cikin ikon Allah, tana daga cikin jihohin Arewa da aka fi samun kwanciyar hankali a hanyoyinsu. Amma duk da haka, a yau da wuya uwa ta sallami ɗanta zuwa Kaduna ko Sakkwato ko Abuja ba tare da zuciyarta tana ɗar-ɗar ba, har sai ya bugo waya ya ce ya sauka lafiya.

Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai dace a yi wa mai jin sa gorin raunin imani ba. A ranar 18 ga Maris, 2013, an tayar da bam a tashar mota ta New Road da ke Sabon Garin Kano, aka hallaka matafiya da dama suna jiran motarsu ta tashi. A watan Disamba na 2021, 'yan bindiga sun tare wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, suka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka rasu. Da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro, sai jama'a suka koma jirgin ƙasa suna ganin sun tsira, sai ga shi a daren 28 ga Maris, 2022, an dasa wa jirgin bam a yankin Katari, aka buɗe wa fasinjoji wuta, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da sama da 60 cikin daji. Mutum 23 na ƙarshe ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai 5 ga Oktoba na wannan shekara. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Musulunci bai ɗauki amincin hanya ƙaramin abu ba. A Suratu Ƙuraish, Allah Maɗaukakin Sarki ya tunatar da mutanen Makka ayarinsu na hunturu da na bazara, sa'an nan ya haɗa ni'imomi biyu wuri guda: ƙosarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Hikimar haɗa su a fili take, domin duk ranar da hanya ta mutu, kasuwa ta mutu, hatsi ya yi tsada a birni, ya yi kwantai a ƙauye. Malamai sun sanya amincin hanya cikin sharuɗɗan wajabcin aikin Hajji, wato rukuni guda daga rukunan addini yana jiran samuwarsa. Kuma lokacin da aka kawo wa Manzon Allah (SAW) ƙorafin 'yan fashi a gaban Adiyyu ɗan Hatim, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, alamar da ya ba shi ta ɗaukakar addini ita ce mace za ta taso daga Hira har ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah. Ashe ma'aunin al'umma ta gari shi ne yadda mafi rauninta yake tafiya a hanya.

Saboda haka ne shari'a ta tsananta a kan mai tare hanya. Aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta kira wannan laifi yaƙi da Allah da Manzonsa, ta yanka masa hukunci mafi tsanani. A mazhabar Imam Malik, wadda ita muke bi a wannan ƙasa, tsoratar da matafiya kaɗai ya isa a kira mutum ɗan fashi, ko bai kashe ba, ko bai ƙwaci komai ba, kuma babu bambanci tsakanin daji da cikin gari. Ke nan matashin da ya zare wuƙa a cikin Adaidaita Sahu don ya ƙwaci waya ya shiga wannan babi. Haka kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa mai taimaka wa ɗan fashi hukuncinsu ɗaya da shi. Ya kamata wannan ya girgiza duk wanda ke zaune a tasha yana bugawa ɓarayi waya cewa wane ya sayar da shanu ya hau mota kaza, da mai kai musu fetur da abinci, da mai sayen wayar da ya san ta sata ce. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙofar tuba a buɗe take, aya ta 34 ta faɗi haka, amma a tuba tun kafin a shiga hannu.

Sai dai akwai abin da ya fi damun mu a wannan lokaci, shi ne inda tsoro yake kai mutane. Hanya ta farko ita ce masu cewa kowa ya nemi bindigarsa. An ji wannan magana ƙarara a watan Yuni na 2022, lokacin da gwamnatin Jihar Zamfara ta shawarci jama'arta su nemi lasisin riƙe bindiga. Muna fahimtar ƙuncin da ya haifar da wannan magana, kuma shari'a ta yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, har ta ba wanda aka kashe a kan haka darajar shahada. Amma a yi tunanin mota mai cin mutum goma sha takwas, kowa da makami a ƙarƙashin rigarsa. Gardama a kan canji ko a kan wurin zama, wadda a da takan ƙare da zagi da ba da haƙuri, za ta ƙare da jana'iza. Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa. Ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo. Idan wannan shi ne hukuncin kibiya, ina ga bindiga a cikin mota cike da mata da yara? Dokar ƙasa ma ba ta bar abin sakaka ba: manyan makamai sai da izinin Shugaban Ƙasa, ƙananan bindigogi sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka ta maharba kuwa sai da na Kwamishinan 'Yan Sanda. Bindigar da ta shiga gari da sunan kariya ba ta fita idan fitina ta wuce. Takan zauna ta jira rikicin gona ko na siyasa.

Hanya ta biyu ita ce zargin kowa da yanke hukunci a bakin titi. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumin Ramadan, wasu maharba 'yan Arewa suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal don yin sallah, aka tare motarsu a garin Uromi na Jihar Edo. Da aka ga bindigoginsu na farauta, sai aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da bincike ko shari'a ba. Mun yi kuka a kan wannan zalunci, kuma ya cancanci kuka. To amma mu tambayi kanmu: da baƙo ne ya sauka a tasharmu, yarensa daban, kamanninsa daban, wani ya yi masa ihun ɓarawo, mutum nawa ne a cikinmu za su tsaya su kare shi har hukuma ta zo? Zartar da hukunci haƙƙin shugaba ne da alƙali. Taron da ya kashe mutum a kan zato ya aikata kisan kai, ko da daga baya ta tabbata mutumin mai laifi ne.

Wayar hannu ta ƙara wa wannan wuta fetur. Sau nawa ake turo saƙon murya a WhatsApp cewa an tare hanya kaza, alhali tsohon labari ne ko na wata ƙasa? Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda idan labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su yi ta watsa shi, ta kuma nuna cewa kamata ya yi a mayar da shi ga shugabanni da masu iya tantancewa. Wanda ya ga abin tuhuma da idonsa ya sanar da 'yan sanda, ko mai unguwa, ko shugaban tasha, ko ya kira lambar gaggawa ta 112. Wanda kuwa ji kawai ya yi, shirunsa sadaka ce ga jama'a.

To mece ce mafita? Kakanninmu sun rayu da haɗarin hanya, kuma sun san maganinsa. Fataken da ke tafiya Gwanja sayo goro sukan yi watanni suna ratsa dazuzzuka, amma ba wanda yake fita shi kaɗai. Ayari yana da madugu da ake yi wa biyayya, da jagaba da ke gaba yana duba hanya, kuma ba a kwana sai a zangon da aka sani. Wannan tsari ya dace da sunna, domin Manzon Allah (SAW) ya tsoratar a kan tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, ya kuma umarci matafiya uku su naɗa ɗayansu shugaba. Ga wanda ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, amsar da ya ba shi ita ce ya ɗaure ta tukuna.

Ɗaure raƙuma a wannan zamani shi ne a shiga mota a cikin tasha, inda aka san direba, aka san lambar motarsa, aka rubuta sunan fasinja. Ɗalibanmu musamman su kiyayi motar bakin hanya saboda rangwamen naira kaɗan, domin ta nan ne masu fashi da motar bogi suke samun abin farautarsu. Kada garin neman gira a rasa ido. A fita da sassafe don a isa da rana. A sanar da mutanen gida motar da aka hau da lokacin da ake sa ran sauka. Ɗan kasuwa ya rage yawo da tsabar kuɗi tunda akwai banki da na'urar POS, kuma kada ya mayar da cinikinsa hirar cikin mota. Kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Idan kuma ƙaddara ta faɗa, aka tsare mutum da makami a kan waya ko kuɗi, to ya sani shari'a ba ta wajabta masa ya mutu a kan dukiya ba. Rai yana gaba da dukiya, kuma abin da aka ƙwace ana iya mayar da shi.

Ga direbobi da shugabannin ƙungiyar NURTW, muna tunatar da ku cewa duk wanda ya zauna a motarku amana ce a wuyanku har ya sauka. Rubuta sunayen fasinjoji ya zama aiki na gaske, a duba kayan da ake lodawa, a san yaran mota da 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya, a daina tsayawa a daji don ɗaukar fasinja ɗaya bayan duhu ya yi. Direban da ya wuce wuri ya ga alamar da ba ta kwanta masa ba, ya sanar da na bayansa da jami'an tsaro nan take.

Babban nauyi kuwa yana kan masu mulki. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a su ne manufar farko ta gwamnati, kuma addini ya riga shi faɗin cewa kowane shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda yake kiwo. Muna kira ga gwamnatin Malam Umar Namadi da rundunar 'yan sandan jiha da majalisar masarautar Dutse da su ɗauki zaman lafiyar da muke ciki a matsayin abin da ake tsarewa tun kafin ya suɓuce. A ƙarfafa sintiri a ranakun kasuwa da kan iyakokinmu da Kano da Bauchi da Yobe, a sanya fitilu a tashoshi, a kare sirrin wanda ya kawo rahoto, domin mutane ba za su yi magana ba matuƙar suna tsoron sunansu zai koma kunnen ɓarawo. Shingen bincike kuma ya zama wurin bincike. Jami'in da ya karɓi na goro ya ɗaga wa mota hannu bai san abin da ya bari ya wuce ba, kuma zai amsa tambaya a kansa ranar gobe. Cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don hana yaɗuwar ƙananan makamai ya kamata a ga aikinta a garuruwan kan iyaka irin su Maigatari.

Jihohin da a yau ba a bin wasu hanyoyinsu sai da rakiyar sojoji, a da su ma lafiya lau ake tafiya a cikinsu dare da rana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Iyaye su koya wa 'ya'yansu addu'ar hawa abin hawa da ta tafiya tare da waɗannan matakai, malaman Islamiyya da limamai su sanya wannan babi a karatunsu, kuma kowane gida ya san inda ɗansa yake samun kuɗin da yake kashewa.

Allah ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya shiryi masu tare ta ko ya isar mana a kansu, ya kuma dawwamar da aminci a Jigawa da Nijeriya baki ɗaya. Amin.